Hanyar Miron

Taisa ta fara ganin keken kafin ta ga mai shi. Ja ne, siriri, an jingine shi a jikin gicciyen katakon da ke bakin kwalta, daidai kwanar da ake shiga ƙauyensu Teremiski ta cikin dajin Białowieża. A gefe kuma wani dogon saurayi na zaune cikin ciyawa, ya ciro tayar baya yana lalubenta da yatsu.

Ta ajiye furannin da ta tsinko. Ta ce, "Bawan Allah, ɗauke kekenka daga nan."

Ya ɗago, ya dube ta, ya dubi gicciyen. Sai a lokacin ya ga sunan da aka sassaƙa, Miron, da ɗan zanen keke a ƙarƙashinsa. Ya miƙe da sauri ya janye keken, ya cire hular kwanonsa ya riƙe a ƙirji.

"Ki yafe mini. Ban duba ba. Naku ne?"

"Yayana ne. Motar katako ce ta same shi a nan."

Ya tsaya a bayanta har ta gama jera furannin, ta share ganyen da ya taru a gindin gicciyen. Da ta juyo ta tarar yana nan inda yake, taya a hannu.

"Ba za ka tafi ba?"

"Ina so. Tayar ce ta yage, facina kuma ya ƙare."

Ta dubi tayar. A rumfar bayan gidansu akwai akwatin kayan gyaran Miron, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarsa. Ba ta san abin da ya sa ta ce masa ya biyo ta ba.

Sunansa Witold, malamin lissafi ne a wata makaranta a Białystok. A ƙarshen mako yakan hau jirgin ƙasa zuwa Hajnówka, daga nan ya shiga daji da kekensa yana nemo wa ƙungiyarsu ta mahaya sababbin hanyoyi. Yana ba ta labari suna tafe, keke a kafaɗa, takalman hawansa masu ƙarfe a ƙasa suna ƙwas-ƙwas a kan kwalta. Dole yake ɗaga dogayen ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya don kada santsi ya kwashe shi.

Dariya ta kuɓuce wa Taisa, ta rufe baki da hannu.

"Me na yi?"

"Tafiyarka. Sak ta shamuwa."

Mahaifinta, Bazyli, yana wajen amyoyin zumarsa suka iso. Ya daɗe yana kallon jan keken, sannan ya shiga rumfa da kansa ya fito da akwatin. Shi ya yi facin, yana tari jefi-jefi. Mahaifiyarta, Eugenia, ta leƙo ta tagar kicin sau ɗaya, ta saki labule.

Da yamma, Taisa na wanke kwalaben zuma, saƙo ya shigo wayarta.

"Na isa gida lafiya. Ki gode wa Baba. Zumar da ya ba ni ta tsiyaye a aljihun rigata, ƙudaje suka rako ni har tasha. Shamuwa."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta rubuta:

"Ba ƙudaje ba ne, ƙudan zumarmu ne suka bi ɓarawo. Ka dawo mana da kwalbarmu."

Ranar Asabar ya dawo da kwalbar. Asabar ta gaba ya ce ya manta murfin.

Haka bazarar ta tafi. Yakan same ta a teburin da take sayar da zuma a bakin hanya, ya zauna a kan kututture yana kore mata zanzaro. Yana kiranta Zumata, tana hararar sa, amma ran da bai faɗa ba sai ta ji kamar an rage mata wani abu. Ita ba ta sake hawa keke ba tun da aka kawo Miron gida a kwance. Witold bai taɓa matsa mata ba. Wata rana dai da kanta ta fito da tsohon kekenta mai kwando, ta ce ya duba mata birki.

Haka suka fara fita tare a kan keke. Ya riƙa tafiya a gefenta a hankali, ta ɓangaren da motoci ke wucewa.

"Kada ki kalli taya, Zumata. Kalli gabanki."

"Gabana itatuwa ne."

"To ki kalle ni."

"Sai in faɗa rami."

Wata safiya ta ce masa, "Zo in nuna maka wani wuri." Suka bar babbar hanya, suka ɗaga kekuna suka tsallake wani ƙarfen da aka gitta, suka shiga wata tsohuwar kwalta ƙarama da gansakuka ta cinye gefenta. Itatuwan wurin sun girmi kakannin kakanninta, wasu sun faɗi suna ruɓewa inda suka faɗi. Hanyar ta kai su wani fili mai raɓa, can ƙarshensa bauna uku na kiwo, tururi na fita daga hancinsu.

Ta ce a hankali, "Hanyar Miron ce. Nan yake kawo ni tun ina ƙarama. A gida ba a ambaton sunansa, Mama ba ta iya ji. Nan kaɗai nake zuwa in yi masa magana." Ta juyo ta dube shi. "Kada ka sa ta a taswirarku, Witold."

"Ba zan sa ba. Na yi miki alkawari."

A wurin ya riƙe hannunta ya ce yana son ya aure ta. Ta yi kuka kafin ta amsa, shi kuma ya jira.

Ran da ya zo gaida iyayenta, ya sa kwat, ya zo a motar haya, da furanni. Eugenia ta gasa wainar dankali da naman alade, ta zuba masa da hannunta, ta jira har ya ci ya ƙoshi. Sannan ta ajiye cokalinta.

"Ba ni da abin da zan ce a kan halinka. Cocinmu ba ɗaya ba ne, wannan ma da zan iya haɗiyewa. Amma ni na wanke ɗana da hannuna, na tsince tsakuwar kwalta daga gashinsa. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da za ta riƙa tsayawa a taga tana jiran ko zai dawo ba. Na yi wannan tsayuwar, ta ishe mu a gidan nan."

"Ina kiyayewa sosai, Pani Eugenia," ya ce, da kalmar girmamawa da ake kiran babbar mace.

"Shi ma haka yake ce mini."

Taisa ta dubi mahaifinta. Bazyli ya sunkuyar da kai yana murza gutsuren burodi.

Akwai wanda Eugenia take so 'yarta ta aura. Borys, maƙwabcinsu, mai keken doki da ke yawo da baƙi a daji. Abokin Miron ne tun suna yara, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Mutum ne mai faɗin ƙirji da kaifin baki, Tasia yake kiran Taisa kamar yadda na gida ke kiranta. In ya wuce ya ga Witold a teburin zuma sai ya ja linzami.

"A'a, malamin birni. Yau ma da wandon roba? Ba su biyan ku albashi ne ka sayi mai aljihu?"

"Dokinka ma ba shi da wando, Borys, ban ji ka yi masa gori ba."

"Dokina ya san hanyar gida. Kai fa? Tasia, shamuwa kika ce ko? To ki tambayi kowa a garin nan inda shamuwa take in sanyi ya shigo."

Duk da haka Taisa ba ta daina ganin Witold ba. Ta ce masa su yi haƙuri, Mama za ta sauko.

Da kaka, ganye ya yi ja, ta tashi da safe ta tafi hanyar Miron ita kaɗai. Tun daga ƙarfen da aka gitta ta fara jin hayaniya. Mahaya ne cike da hanyar, riguna kala-kala, suna kiran juna da ƙarfi, suna ɗaukar hoto a bakin filin. Babu bauna ko ɗaya. A kan kututturen da Miron yake zama wani ya bar ɓawon ayaba.

Ta juyo tana tura kekenta, ta ci karo da Borys a babbar hanya. Ya ga fuskarta, bai yi mata wasa ba. Ya ciro wayarsa ya miƙa mata.

"Baƙin da na ɗauka jiya ne suka nuna mini. Na rasa yadda zan gaya miki."

Shafin ƙungiyar mahayan ne. Ga taswirar hanyar, kwana-kwana, har filin. A sama an rubuta: "Ɓoyayyiyar hanyar bauna, wadda Witold ɗinmu ya gano." Wata Kinga ce ta sa, da hotonta ita da Witold a wajen wata tsere, ta dafa kafaɗarsa suna dariya.

Taisa ta zauna a bakin hanya ta rubuta masa:

"Abu ɗaya na roƙe ka. Shi kaɗai ya rage mini na Miron, ka raba wa duniya. Kada ka sake zuwa."

Amsa ta zo nan take:

"Zumata, yanzu nake gani. Ba ni na sa ba. Ki ɗaga waya in yi miki bayani, don Allah."

Ba ta ɗaga ba. Ta toshe lambarsa. Asabar ɗin ya zo har ƙofar gida, Eugenia ta fita ta ce masa 'yarta ba ta son ganinsa. Taisa na tsaye bayan labule tana jin ƙwas-ƙwas ɗin takalmansa har ya ɓace.

Hunturu ya shigo da nauyi. Dusar ƙanƙara ta rufe amyoyi, sheƙar shamuwa da ke kan turken wuta ta zama fanko. Borys na kawo musu itace yana faskarawa, Eugenia na zuba masa miya tana yi wa Taisa kallon da ba ya buƙatar fassara. Taisa ta rame. Takan ɗauki waya ta buɗe tsofaffin saƙonni, ta kife ta. Borys kuwa ya riga ya nemi aurenta. Wata rana ta ce wa mahaifiyarta, "In sanyi ya wuce zan ba Borys amsa." Eugenia ta rungume ta, ita kuwa ba ta ji komai ba.

Tarin Bazyli ya ƙi tafiya. Bayan Kirsimeti aka kwantar da shi a asibiti a Hajnówka, likita ya kira su gefe ya ce huhun ya riga ya tafi, sai dai a rage masa wahala. Taisa da mahaifiyarta suka riƙa zuwa da safe a motar haya, su dawo da azahar saboda dabbobi.

Wata Asabar motar safe ta wuce Taisa, ta isa da la'asar. Tana tura ƙofar ɗakin ta tsaya. Witold ne zaune a bakin gado, da kwanon ruwan ɗumi a cinya, yana yi wa mahaifinta aski. Ya rame shi ma.

Bazyli ya ce, "Shigo ki rufe ƙofa, iska na shigowa. Ni na kira shi. Tun da aka kawo ni yake zuwa."

Witold ya goge rezar, ya ajiye. Bai matso kusa da ita ba.

"Akwai 'yar na'ura a kan kekena, tana rubuta duk hanyar da na bi, ta tura wa ƙungiya da kanta. Ran da kika kai ni, na manta ban kashe ta ba. Hankalina yana kan abin da zan tambaye ki. Kinga ce ke kula da shafin, ta gani, ta ɗauka kyauta na yi musu. Ba abin da ke tsakanina da ita, mijinta ne ma ya ɗauki hoton. Na sa sun goge, na bar ƙungiyar. Amma mutane sun riga sun kwafa." Ya dube ta. "Sakacina ne, Tasia. Ba zan iya dawo miki da wurin ba."

Ta so ta ji ya ce komai zai koma yadda yake. Da bai faɗa ba, sai ta ji ta yarda da shi. Hawaye suka zubo mata.

"Bauna ba sa zuwa yanzu."

"Na sani. Na je na duba."

Bazyli ya miƙo hannu, ta zauna ta riƙe. Yana magana yana hutawa.

"Ni na saya wa Miron keken nan. Uwarki ta ce kada in saya, na saya. Tun ran da ya rasu ba ta sake kiran sunana ba. Sai dai kai, ko ga abincinka. Ban ga laifinta ba. Amma na ga yadda fushi yake cin gida, Tasia, a hankali yake ci, ba a jin ƙararsa. Wurin da kike kuka a kai, yayanki ba ya can. Wannan kuwa ga shi da ransa."

Ta juya ta dubi Witold. "Ka yanke shi a haɓa."

"Hannuna ne ke rawa tun da kika shigo."

"Ba ni rezar, Shamuwa."

Ita ta ƙarasa askin, shi yana riƙe da kwanon.

Bazyli ya rasu da ƙanƙara ta fara narkewa. Eugenia ce a wurinsa. Ba wanda ya san abin da suka faɗa wa juna, amma da Taisa ta shigo ta tarar da ita ta kifa goshi a kan hannunsa tana maimaita, "Bazyli, Bazyli," kamar mai biyan duk na shekarun da ta riƙe.

Ran jana'iza Witold ya tsaya can baya, kusa da shinge. Da aka zo ɗaukar akwati sai aka ga masu ɗauka ba su cika ba, tsofaffin ƙauyen ba su da ƙarfin kafaɗa. Borys ya waiga, idonsa ja, ya daɗe yana kallon Witold.

"Kai dogo. Zo ka kama nan. Ka rage tsawo, kada ka karkatar mana da shi."

Suka ɗauke shi tare har maƙabarta. A hanyar dawowa Borys ya jera da Taisa, ya ce, "Ba sai kin ba ni amsar nan ba. Na gani." Ya ja hularsa ya yi gaba.

Bayan addu'ar arba'in, Witold ya zo gidan. Eugenia na zaune a kicin cikin baƙaƙen kaya tana feraye dankali. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Pani Eugenia, na sami mai sayen keken. Gobe zai zo ya ɗauka. In shi ne tsakanina da Taisa, na haƙura da shi."

Taisa ta dube shi. Ta san abin da keken yake a wurinsa, ta kuma san ba za ta iya cewa kada ya sayar ba.

Eugenia ta ci gaba da feraya har ta gama wanda ke hannunta.

"Zauna," ta ce. Ya zauna. "Mijina ya yi shekarun ƙarshensa kamar baƙo a gidansa, saboda keke. Ni na yi masa haka. In ka sayar, wata rana za ka ga mahaya sun wuce, ka yi shiru, 'yata ta ga shirun. Ba na son wannan a gidanta." Ta share ido da bayan hannu. "Kada ka sayar. Tsoro dai ba zai bar ni ba, na sani. Duk inda ka je, in ka sauka, ka kira ni. Ni za ka fara kira, ba ita ba."

"Zan kira, Pani Eugenia."

"Mama ake cewa."

Witold ya sunkuya ya sumbaci hannunta mai danshin dankali. Taisa ta fita bayan gida, ta tsaya tsakanin amyoyin mahaifinta, ta yi kukan da ya fi na ran jana'iza.

Sai da shekara ta zagayo aka ɗaura auren, a ƙaramar cocin katako ta su Taisa. Iyayen Witold suka zo daga Białystok, suna tsaye suna satar kallon mutane don su san lokacin sunkuyawa. Borys ne ya kawo amarya a keken dokinsa, ya yi wa dokin ado da kintinkiri, yana gunagunin cewa ba a taɓa sa shi aikin da ya fi wannan ciwo ba. Da aka ɗaga kambin aure a kan ango, yadda ake yi a cocinsu, sai da mai riƙewa ya yi ɗage, har limamin cocin ya murmusa.

Ana zagaya teburin addu'a Taisa ta dubi inda mahaifinta ya saba tsayawa, ta hannun dama kusa da ginshiƙi. Wani baƙo ne a wurin. Witold ya ji hannunta ya yi sanyi, ya ƙara matse shi.

"Ina nan, Zumata," ya ce ƙasa-ƙasa.

A ƙofar gida Eugenia ta tarye su da burodi da gishiri a kan farin ƙyalle. Suka durƙusa a gabanta. Ta ɗora hannu ɗaya a kan 'yarta, ɗaya a kan surukinta.

"Da mu biyu ya kamata mu sa muku albarka," ta ce. "Zan yi nawa, in yi nasa. Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya, ya sa su ne za su binne ku, ba ku za ku binne su ba. In kun yi faɗa, kada rana ta faɗi ba ku kira sunan juna ba. Ku tashi, 'ya'yana. Ku shiga, abinci na hucewa."

Jama'a suka amsa da amin. Witold ya ɗago Taisa, ya sunkuyar da kai saboda ƙofar ta yi masa gajarta, suka shiga tare.